Dan Allah wace manhajar rubutu ta kyauta ce tsohuwar kwamfuta za ta iya ɗauka?

Malam Idi Garwa: Assalamu alaikum jama'ar zaure, barkanmu da war haka. Ina da 'yar matsala ne dan Allah masu ilimin abin a taimaka. Ni ne mai buga takardun jarabawa a makarantarmu ta Faransanci da Larabci a nan Garwa, takardun ƙungiyar unguwa ma kaina suke zuwa, kun san da an ga mutum da kwamfuta shi kenan ya zama sakatare na dole. To kwamfutar wata tsohuwar Dell ce da ƙanena ya bar min da zai koma Yawunde, Word ɗin da ke ciki tun makon jiya ya fara nuna min jan layi a sama wai ba shi da lasisi, yanzu har ta kai ina buɗe takarda in karanta amma ba na iya ƙara ko harafi ɗaya. Jarabawa saura kwana goma sha biyu, kuɗin lasisi kuwa kada ma a yi maganarsa. Akwai wani abu na kyauta da zan yi rubutu da shi wanda ba zai danne ta ba? Don ita wannan baiwar Allah ko kunna ta na yi sai na dafa shayi na dawo kafin ta farka.

Bashir mai gyara: Wslm Malam. Wannan ai ba matsala bace, ka kai wa kowane yaro mai gyara a kasuwa ya goge wannan ya saka maka Office 2007 mai crack, wato wanda aka fasa yana aiki ba lasisi, minti goma an gama, ko jaka daya bazai karba ba. Ni anan Marwa kullum shi nake sawa mutane kuma ba wanda ya taba dawo min da kuka

Habiba Dang: Malam ina wuni. Kafin kowa ya ce sa wannan sa wancan, wace Windows ce a ciki kuma RAM, wato ƙwaƙwalwar da take aiki da ita, nawa ne? Don maganin da ya yi wa wani aiki shi ke kwantar da wani.

Malam Idi Garwa: Lafiya lau 'yata. Ina jin Windows 7 ce, haka ƙanen nawa ya ce. RAM kuma wallahi ban san inda ake ganinsa ba

Habiba Dang: Ka duba kan allo akwai Poste de travail ko Ordinateur, ka danna shi da maɓallin dama na linzamin, sai ka zaɓi Propriétés can ƙasa, ka karanto mana duk abin da ta rubuta

Alhaji Baban Walida: Malam Idi kai ma dai, wannan kwamfutar ai ta yi hidima ta gaji, a bar ta ta huta mana. Ni duk rasit ɗina da lissafin shago a waya yarona yake min da WPS kuma lafiya lau

Malam Idi Garwa: Alhaji Allah ya ƙara arziki, idan za a saya min sabuwa ai ba na ƙi 😄 Amma takardar jarabawa ta aji shida, shafi kusan arba'in da tebura da Larabci mai wasali, a kan waya da babban yatsa? Idona ma ba zai kai ba.
Habiba ga abin da na gani: Microsoft Windows XP Professionnel, Version 2002, Service Pack 3, sai kuma 0,99 Go de RAM

Habiba Dang: Hhhh Malam ai XP ce ba 7 ba, an dai yi mata kwalliyar 7 ne, masu gyara suna yin haka. Gara da muka tambaya, da yanzu ka ƙona mega ɗari uku a banza wajen sauke sabon LibreOffice ya ƙi shiga

Injiniya Sale: Slm. To tunda an san ko wace ce, bari in jero abin da zai iya shiga cikinta don ba su da yawa. Na farko WordPad, yana cikinta tun asali ba sai an sauke ba, amma na XP ba ya buɗe docx, ba ya sa lambar shafi, ba ka iya zana tebur, na wasiƙa ne kawai. Na biyu AbiWord, ɗan ƙarami ne sosai bai kai mega goma ba, yana buɗewa kamar ƙiftawar ido, sai dai na Windows ɗinsa tun wajen 2010 ya tsaya a 2.8.6, masu shi sun koma Linux kawai, wato kishiyar Windows ta kyauta. Na uku Apache OpenOffice 4.1, yana shiga XP. Na huɗu LibreOffice amma tsoho, 5.4 shi ne na ƙarshe da ya yarda da XP da Vista, daga 6.0 sai Windows 7 zuwa sama. Ka nemi 5.4.7 na 32 bits, yana nan a ma'ajiyar tsofaffin fitowa a shafinsu, kada ka ɗauko a waɗancan shafukan masu maɓallin download goma kowanne da abin da yake ɓoyewa.
Amma ni in ka bi tawa, ka cire XP ɗin nan gaba ɗaya. Zan dawo kan wannan.

Bashir mai gyara: Injiniya da girmanka, RAM giga daya zaka dorawa LibreOffice? Office 2007 yafi shi sauki nesa ba kusa ba, wannan kowa ya sani. Mutum yana da jarabawa kwana 12 kuce ya fara koyon sabon abu

Injiniya Sale: Ban musa maka ba, 2007 ya fi saurin buɗewa, gaskiya ɗaya ce. Amma ka faɗa wa Malam daga ina crack ɗin yake zuwa da abin da ke biyo shi. Kuma ai abin da aka sa masa ke nan tun farko, ga shi ya tsaya masa ana saura kwana 12

Bashir mai gyara: Wancan 2010 ne aka sa masa shiyasa, wanda ya saka bai iya aiki ba

Malam Idi Garwa: Bashir na gode da shawara, amma bari in faɗi abin da ke raina ba don in zargi kowa ba. Ni kullum da safe ina gaban yara ina karantar da su amana da haƙƙin mutane, to sai in dawo in buga musu tambayar amanar da kayan da aka fasa ƙofarsa aka ɗauko, abin yana min wani iri. Da ban san yadda aka sa shi ba, yanzu na sani. In akwai wanda masu shi da bakinsu suka ce kowa ya ɗauka, shi nake so ko da ya fi nauyi.

Bashir mai gyara: Allah gafarta Malam to ai XP din ma dake ciki ba saye akayi ba hhhh

Malam Idi Garwa: Ka kama ni 😅 wannan kuma sai a tambayi ƙanena, da ita na same ta

Alhaji Baban Walida: Mai kamfanin Microsoft ɗin nan fa yana cikin masu kuɗin duniya, jaka ɗayan Malam Idi ce za ta talauta shi?

Abakar Injamena: Alhaji arzikin mai kaya ba ya halatta kayansa, in ba haka ba kowa ya shigo shagonka ya ɗiba tunda kai ma Allah ya ba ka

Alhaji Baban Walida: Kai Abakar ka kiyaye ni 😂 shagona akwai kwaɗo biyu

Mai kula da zaure: Jama'a dan Allah a bar maganar halal da haram ga malamai, kwanaki haka muka kwana uku a kan kallon ƙwallo ta haramtacciyar hanya ba a cimma komai ba. Malam ya ce na kyauta yake so, a taimaka masa a kan wannan.

Abakar Injamena: To Malam ni aikina ke nan, rubutu nake yi wa mutane a nan Injamena, kuma ka san mu nan Cadi Larabci da Faransanci duk harshen gwamnati ne, rabin takardun da ake kawo min gefe ɗaya Faransanci gefe ɗaya Larabci ne. Saboda haka ka saurare ni a kan Larabcin don a nan mutane ke faɗuwa su ce manhajar ce ba ta da kyau.
AbiWord ka ajiye shi don wasiƙa da sanarwar taro, nan ba ya da na biyu. Amma takarda mai tebur da Larabci mai wasali a cakuɗe da Faransanci, LibreOffice ya fi riƙe ta. Abin da za ka yi bayan ka sa shi, ka shiga Outils, Options, Paramètres linguistiques, Langues, za ka ga wani ɗan akwati da aka rubuta CTL a gefensa, ka sa masa alama ka zaɓi Arabe. In ba ka yi wannan ba maɓallan juya rubutu daga dama zuwa hagu ba za su fito ba sam, za ka yi ta rubutu aya tana tsalle tana komawa farkon layi kana jin haushi. Bayan ka kunna, Ctrl da Shift da D yana mai da sakin layi na dama, Ctrl da Shift da A yana dawo da shi na hagu.
Ita kanta XP sai an kunna mata Larabci a Panneau de configuration, wajen Options régionales, wani lokaci ma takan nemi faifan XP. Amma tunda da ma kana buga Larabci a Word to an riga an kunna, ba ruwanka da wannan.
Sai rubutun. Traditional Arabic da kake da shi zai yi aiki. In kana son wanda wasali ke zama daram kamar bugun littafi ka nemi Amiri ko Scheherazade, duka kyauta ne kuma ba su da nauyi.

Malam Idi Garwa: Ma sha Allah, Abakar Allah ya saka da alheri, na kwafe wannan a littafi da biro don kada ya ɓace cikin hira. To tsakanin OpenOffice da LibreOffice fa? Na ga sunan kamar 'yan gida ɗaya

Habiba Dang: 'Yan gida ɗaya ne Malam, rabuwa suka yi a 2010, wasu daga cikin masu aikin OpenOffice suka fita suka kafa gidauniyarsu a Jamus suka ci gaba da sunan LibreOffice, shi ya sa in ka iya ɗaya ka iya ɗayan. Bambancin da zai shafe ka shi ne OpenOffice yana buɗe docx amma ba ya ajiyewa da docx, sai doc na da ko odt. LibreOffice yana yin duka. Tunda tsofaffin takardunka na Word 2010 ne duk docx ne, ka ɗauki Libre kawai.
Ni da shi na rubuta memwar ɗina, wato kundin kammala karatu, gaba ɗaya a kan 'yar PB Hev ɗin yayata, irin waɗanda aka raba wa ɗaliban jami'a, RAM giga 2 ajiya giga 32, shafi saba'in da wani abu har da jerin babi da yake haɗawa da kansa. Ba na cewa gudu yake, amma ya kai ni.

Maman Ikram: Sallama jama'a, sai yanzu na ga hirar, ina ta fama da masu fotokofi tun safe. Malam Idi ni ina da wurin buga takardu a nan Garwa kuma abin da zan faɗa ya fi duk wannan gardamar muhimmanci a wurina. Ko da me ka rubuta, in za ka kawo bugawa KA MAI DA SHI PDF. Kullum sai an zo min da takarda an ce a gida shafi huɗu ce, na buɗe a tawa ta zama biyar, tebur ya gangara, sunan makaranta ya koma gefe, mutum ya tsaya yana min faɗa kamar ni na taɓa. Ba laifin kowa ba ne, irin rubutun da ke cikin kwamfutarka babu shi a tawa sai ta musanya da wani mai faɗi ko siriri, komai ya goce. Balle Larabci, in ka yi da Amiri ɗin da Abakar ya ce ni ba ni da shi. PDF kuwa yana tahowa da rubutunsa a ciki, yadda ka gani a gida haka zai fito a takarda. A LibreOffice maɓalli ɗaya ne a sama, ko Fichier sai Exporter au format PDF, ba sai ka sa wani abu daban ba.

Abakar Injamena: Hajiya ta gama magana. Ka ajiye biyu, ɗaya na gyara ɗaya PDF na bugawa

Maman Ikram: Kuma dan Allah a riƙa duba kile, wato filashin USB, kafin a kawo. Wannan cutar da ke mai da fayil ya zama raccourci, wato shortcut, ta gama gari, mutum ya zo yana rantsuwa takardunsa sun ɓace alhali ɓoye su kawai ta yi

Injiniya Sale: Yawwa Hajiya kin kawo ni inda nake so. Wannan ne dalilin da na ce a cire XP. Microsoft sun daina yi mata gyaran tsaro tun 8 ga Afrilu 2014, Chrome ya tsaya mata a 49, Firefox a 52, yawancin shafuka yanzu ba sa buɗuwa daidai a cikinsu, shi ya sa ma ban ambaci Google Docs ba, ko da rezo, wato netwok, ya yi kyau ba za ta iya ba balle kuɗin forfe, wato data. Gida ne da ba ƙofa, duk kilen da ya je wurin bugawa ya dawo da abin da ya kwaso zai zuba mata.
Akwai Linux da aka yi musamman don irin waɗannan tsofaffin, antiX misali, har yanzu suna fitar da na 32 bits, RAM ɗin da yake ci in ya tashi bai kai rabin naka ba, kuma babban fitowarsa da LibreOffice a ciki yake zuwa, sabo ba na 2017 ba. Cutar raccourci kuma ba ta tashi a cikinsa don ta Windows ce, ka sa kilen ka ga fayilolin da ta ɓoye ƙuru-ƙuru ka goge ta da hannu. Lubuntu ma da yana yi amma sun bar 32 bits bayan 18.10. Kuma ba sai ka goge komai ba ka gwada, a kan kile ake sa shi, ka kunna Dell ɗin kana danna F12 ka zaɓi kilen, in bai maka ba ka zare ka koma inda kake

Bashir mai gyara: Toh ga Injiniya ya fara wa'azin Linux, duk wanda yace kansa na ciwo sai ace ya saka Linux. In ya lalace masa ranar Talata da dare wa zai gyara masa a Garwa? Ni yara nawa na sani a kasuwa da suka iya shi? Kai kana Kusuri

Injiniya Sale: Ai saboda kun ƙi koya ne

Bashir mai gyara: Saboda ba mai kawowa ne, mu abinda ake kawowa muke koya

Habiba Dang: A nan kam ina bayan Yaya Bashir. Injiniya maganarka gaskiya ce amma ba ta wannan makon ba ce. Mutum yana da shafi arba'in a gaba, ga sabon wurin rubutu zai koya, a ƙara masa da sabuwar kwamfuta gaba ɗaya da neman inda ake juya allon rubutu zuwa Larabci? A bari a gama jarabawa, lokacin hutu ya gwada a kan kile hankali kwance. Yanzu dai ya sa 5.4.7, kada ya haɗa ta da intanet ko kaɗan, ta zama keken rubutu kawai

Injiniya Sale: Na yarda, amma a rubuta a ajiye na faɗa. Kuma in kilen ya kamu kafin nan, ka buɗe cmd ka rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* in harafin kilen E ne, fayilolin za su fito, ka kwashe su ka yi wa kilen format

Malam Idi Garwa: Wannan kuma sai dai Maman Ikram ta yi min, ni na ga kamar ɗalasimai 😄 Wata tambaya, sanarwar ƙungiya da Hausa nake yi wani lokaci da Fulatanci, kuma ina son haruffa masu ƙugiya su fito. A waya suna nan amma a kwamfutar da sai in sa k da 'yar waƙafi a sama

Abakar Injamena: Akwai hanya uku. Mai sauƙi, kowane harafi yana da lambarsa, ka rubuta lambar ka danna Alt da X sai ta rikiɗe ta zama harafin. ƙ shi ne 0199, ɗ 0257, ɓ 0253, ƴ na Fulatanci 01B4. Yana yi a LibreOffice 5.4. Amma ba wanda zai yi ta wannan a kowace kalma, sai ka shiga AutoCorrection ka koya masa kalmomin da ka fi amfani da su, in ka rubuta kungiya ya mai da ita ƙungiya da kansa

Habiba Dang: Ta ukun ita ce ta gaskiya, allon rubutun Kamaru da mutanen SIL, ƙungiyar masu nazarin harsuna, suka yi, akwai na AZERTY akwai na QWERTY, an yi shi ne don harsunan ƙasar nan duka, ɓ ɗ ƴ ŋ duk suna ciki. Sai dai ka tabbata ka ɗauko wanda zai shiga XP. Kuma wasu rubutun XP na da ba su da waɗannan haruffan sai ka ga ɗan akwati a wurinsu, in ka ga haka ka canza zuwa DejaVu Sans, yana zuwa tare da LibreOffice, ko Charis SIL

Bashir mai gyara: Duk wannan wahalar akan kugiya, ni tunda nake rubutu ban taba sawa ba kuma kowa na ganewa

Maman Ikram: Kai ne ai kwanaki ka rubuto mana a nan wai ka yi baki daga Mubi, muka ce to Allah ya sawwaƙe wane irin baki ne wannan 😂

Alhaji Baban Walida: Hhhhh Hajiya kin tuna

Bashir mai gyara: Kun dai gane ai. To tunda Malam ya zabi nasa bari in bada tawa gudummawar ta bangaren karfe don nan ne nawa. Malam in laptop ce ta zamanin XP yawanci DDR2 take ci ko DDR na farko, ka kaita a bude kasan a duba, in akwai rami daya a bude ko kuma a canza wanda ke ciki ta koma giga 2, na hannu ba tsada, wallahi zakaga kamar an canza maka ita. Kuma a busa mata fanka, zafin Garwa da kurar hunturu in suka hadu a ciki injin da kansa yake rage gudu don kada ya kone, rabin nauyin da mutane ke kuka dashi kura ce. Kada ka dorata kan katifa ko darduma, sa mata littafi biyu a gefe iska ta shiga ta kasa

Injiniya Sale: Wannan kam ba gardama, Bashir ya faɗi gaskiya. In da hali a sa mata SSD ma in SATA ce, amma a fara da RAM

Malam Idi Garwa: A kan darduma kuwa nake ɗora ta kullum, Allah ya yafe min. Batirin ma ya mutu tuntuni, da an ɗauke wuta ɗif take mutuwa, jiya sau uku

Abakar Injamena: To wannan ma akwai maganinsa rabi. A Options wajen Chargement/enregistrement, Général, akwai inda yake ajiye bayanin ceto duk bayan wasu mintuna, ka rage shi zuwa uku. A nan ɗin dai za ka ga Toujours enregistrer sous, in kana son kullum ya riƙa ajiyewa da docx don malaman da za su karɓa su gyara a Word sai ka zaɓa a nan sau ɗaya ka huta. Ni dai nawa da odt nake aiki sai na gama in fitar da docx ko PDF, ya fi zama lafiya. Kuma Ctrl da S ya zama tasbihinka, duk tambaya ɗaya ka danna. Kada ka haɗa shafi arba'in ɗin a fayil ɗaya, kowane aji da nasa, ta fi ɗauka da sauƙi kuma in ɗaya ya lalace ba duka ba ne

Habiba Dang: Kuma in ya ce maka babu Java kada ka damu, rubutu ba ya buƙatarsa. Wajen sawa in ka ga zaɓin ya riƙa tashi tare da kwamfuta ka cire alamar, RAM ɗinka ba shi da rarar da za a ajiye wani yana jira

Malam Idi Garwa: To yanzu saura saukewa. Mega nawa ne? Don ni forfe na na mako ne kuma rezo a unguwarmu sai an hau soro

Habiba Dang: Ya haura mega 200 kaɗan. Da ina kusa da na ba ka, sai dai in sa a kile in bayar a mota daga Ngaundere

Maman Ikram: Haba ba sai an kai ga mota ba ana gari ɗaya da ni. Malam ka bari zan sa yarona ya sauke da dare, gobe bayan azahar ka zo da kwamfutar gaba ɗaya a sa maka a nan, kada ka zo da kile. Injiniya ka turo min ainihin inda zai shiga ta akwatina don kada ya ɗauko wani abu daban

Injiniya Sale: Na tura Hajiya. Ki ce masa wanda aka rubuta x86 ba x64 ba

Malam Idi Garwa: Kai jama'a ban san bakin godiya ba, Allah ya bar zumunci. Useko Hajiya, sai na zo

Alhaji Baban Walida: Ni dai har yanzu ina kan bakana, waya ta fi

Malam Idi Garwa: Assalamu alaikum, na dawo da rahoto kamar yadda ya kamata. Shekaranjiya an sa min a wurin Hajiya, ko sisi ta ƙi karɓa. Gaskiyar Bashir, buɗewar farko yana ɗaukar lokaci, na ƙirga ya kusa minti ɗaya, amma in ya buɗe shi kenan ba ya tsayawa, sai na daina rufe shi in na tashi. Tsofaffin takarduna duk sun buɗe, biyu ne teburinsu ya ɗan goce na ja shi da hannu. Larabcin da farko ya ƙi, ashe na manta akwatin CTL ɗin Abakar, da na duba littafina na sa sai ga shi ya miƙe. Na gama aji uku, an buga na aji ɗaya da PDF ya fito yadda na tsara har wasali. An busa fankar ma, abin da ya fito daga ciki ya isa a shuka gyaɗa. RAM ɗin ne ba a samu irin nata ba tukuna, yaron ya ce zai duba min.
Abu ɗaya ya rage, duk kalmar Hausa da na rubuta sai ya ja mata jan layi a ƙasa, sanarwa guda ta koma kamar an yanka kaza a kai. Yaya ake hana shi?

Abakar Injamena: Yana auna ta da ƙamus ɗin Faransanci ne. Ka zaɓi rubutun duka, ka duba can ƙasan allo inda aka rubuta Français, ka danna ka zaɓi Aucun. Ko Shift da F7 ya kashe jan layin gaba ɗaya, amma ka tuna ka mayar in za ka buga na Faransanci

Bashir mai gyara: Minti daya wajen budewa hmm. Malam in ka gaji kasan inda nake

Injiniya Sale: Malam yaushe ne hutun naku? In shirya kilen antiX ɗin tun yanzu

Malam Idi Garwa: Injiniya bari dai in ga bayan aji ukun nan tukuna, an ma ɗauke wuta yanzu da wayar nake rubuto muku